Alhamis ɗin da Muka Kai Baba Matsirga

Jikata ce ta miƙo mini wayarta ran nan, wai in kalli ruwa. Na karɓa sai na ga Matsirga, ruwan yana zubowa daga saman dutse fari fat, har an ɗora masa kiɗa don kada mai kallo ya gaji. Ban gama gyara tabarau ba ta sa yatsa ta ture shi sama, wata mata mai suyar ƙosai ta maye gurbinsa. Na ce ta dawo mini da shi, ta ce ai ya wuce, sai dai in jira wani. Ban san ta inda zan fara gaya mata ba cewa ruwan nan da ta ture da yatsa ɗaya, shekaru muka yi muna shirin zuwa ganinsa, kuma mafi yawan jinkirin nan laifina ne.

A lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Gari ne na duwatsu da dabino, in ka hau tudu da hantsi kana iya ƙirga motocin da ke yawo a cikinsa. Abin da ke tashinmu da safe shi ne ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da muryar Inna tana faɗa da duk wanda ya zubar da ragowar ruwan alwala a inda babu shuka. A gidanmu na Yalwawa ruwa ɗaya yakan yi aiki uku kafin a sallame shi: a wanke shinkafa, a ɗauraye kwano, sannan a kai wa bishiyar lemon tsami da ke bayan ɗaki. Ruwa mai gudu kuwa mun san shi ne da damina kawai. In an yi mamako sai ya gangaro daga kan duwatsu ja wur, mu fita mu tsaya muna kallo, kafin a gama dafa tuwo ya ɗauke kamar ba a yi ba. Yaran yanzu suna buɗe famfo su tafi ɗauko sabulu su bar shi yana zuba, ni kuwa har yau in na ji wannan ƙarar sai na tashi na je na rufe shi.

Mahaifina malamin allo ne, kuma shi ne limamin masallacin unguwarmu. Mutanen gari suna ce masa Malam, mu muna ce masa Baba. Ban taɓa ganin mutum mai kara irinsa ba. Ni kuma na yi boko, na sami aikin akawu a ɗaya daga cikin sababbin ma'aikatun jiha, inda aka haɗa ni ofis ɗaya da wani mutumin Kafancan mai suna Bulus. Ya girme ni da kusan shekara goma, dogo ne, mai dariya da dukan jikinsa, Hausarsa kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, matarsa ma "ya ce" take. Da ya zo Dutse bai sami ɗaki ba, wata biyu yana kwana a kan teburin ofis, har na gaya wa Baba. Baba bai tambayi addininsa ba, cewa ya yi a share ɗakin da ke kusa da zaure. Ko bayan Bulus ya sami gida a Takur ya kawo iyalinsa, bai daina zuwa gaida Baba duk yammacin Asabar ba, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen buzu, a kawo masa tuwo ya cinye tas.

A irin wannan zama ne ya ba da labarin ruwan garinsu, Matsirga. Ya ce kogi ne guda yake tafiya a kan dutse, sai dutsen ya ƙare, kogin ya faɗo ƙasa gaba ɗayansa, tsayin ya fi dabino biyu in an ɗora ɗaya kan ɗaya. Ya ce fari ne kamar auduga, kuma in ka tsaya kusa ba ka jin maganar na kusa da kai. Inna tana jin mu daga tsakar gida, sai ta ɗaga murya ta ce, "To wa yake tare shi in mutane sun gama ɗiba?" Bulus ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Mama, ba mai tare shi. Tun kakana bai haihu ba yana zuba." Inna ta ce wannan ai almubazzaranci ne. Baba dai yana jan carbi, amma na lura carbin ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci. Mutum ne da ya shekara arba'in yana karantar da ayoyin da suka siffanta gidajen Aljanna da ƙoramu masu gudana, shi kuwa iyakar abin da ya taɓa gani shi ne kogin da ke ƙafewa da rani har a bi ta cikinsa da jaki.

Asabar ta gaba, bayan an gama ina gajiya da ina iyali, sai Baba ya ce, "Malam Bulus, yaya ruwa?" Bulus ya zauna da mu ya san gaisuwarmu, ya san da damina haka ake tambaya, ya kuma san amsar. Nan take ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Baba." Muka yi dariya, don a tsakiyar bazara muke, ko gajimare babu. Muka ɗauka tsokana ce irin ta manya. Tun daga ranar ta zama gaisuwarsu, rani da damina: yaya ruwa, ruwa ya yi gyara. Baba sai ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya koma kan carbinsa. Haka aka yi ta yi har shekara ta zagayo, ta sake kamo hanyar zagayowa, ni da Bulus muna jin daɗinmu wai mun iya raha da tsoho.

Inna ce ta farkar da ni. Tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta na zo wucewa, ta ce in tsaya. Ta ce, "Kai wai bokon nan naku kunne yake toshewa? Yaushe ka taɓa jin Malam ya buɗe baki ya ce a yi masa abu? Mutumin da in ƙishirwa ta kama shi sai dai ya ce yau ana rana? Kullum yana tambayar ruwan garin yaron nan, kuna ba shi amsar damina." Gaskiyarta ne, a gidanmu babba ba ya roƙo, yana ajiye maganarsa ne a bakin ƙofa, mai hankali ya ɗauka. Kunya ta kama ni ƙwarai, na ga shekara kusan biyu mahaifina yana neman abu ɗaya a wurina, ni ina yi masa dariya.

Da na gaya wa Bulus washegari a ofis, ya dafe kai ya ce Asabar ɗin nan zai je ya ce, Baba tashi mu tafi. Na ce kada ya soma, in ya faɗa haka Baba zai ce shi bai ce ba, maganar ta mutu ke nan. Muka zauna muka tsara yadda za a ɗora bukatar a kan Bulus. Ranar Asabar ya durƙusa ya ce, "Baba, tsohuwata ya dame ni, wai yana so ya ga mutumin da ya riƙe ni a Dutse. Shi kuma ƙafa ya hana shi tafiya. Ko za ka taimaka ka raka ni gida?" Baba ya gyara zama kamar mai auna nauyin abin, ya ce, "To, hakkin tsohuwa ai ba a wasa da shi. In Allah ya nufa sai a je." Sai can ya ƙara da cewa, yana kallon gefe, "In kan hanya ne, a iya biyawa ta wajen ruwan nan naku." Sharaɗinsa ɗaya ne, a je a dawo a rana guda, don tun da aka ba shi limanci bai taɓa barin wani ya ja sallar asuba a masallacinsa ba.

A nan ne halina na akawu ya tashi. Na sami fayil sabo na rubuta Matsirga a bayansa, na zana hanya, na jera abin da za a riƙe, har da buta biyu da jarkar ruwa, wai za mu wurin da kogi ke zuba ba mai tarewa amma ba mu yarda mu fita Dutse ba ruwa a mota. Matsalar farko ita ce rana. Makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu, Juma'a kuwa ba ta taɓuwa, saura Alhamis. Mu kuma Alhamis ranar aiki ce, hutunmu Asabar da Lahadi, Asabar Baba yana karantarwa, Lahadi Bulus yana coci, shi ne ma mai jan waƙa. Mutum uku, kowa da ranar da Allah ya ware masa, babu wadda ta haɗu da ta wani. Na ce a jira hutun gwamnati da zai faɗo ranar Alhamis. Da ya faɗo, rani ne, Bulus ya ce ruwan ya rame, kunya zai ji ya nuna wa Baba shi a haka. Da damina ta zo na ce hanya ta lalace, ga gonarmu ta Aujara tana neman noma. Da kaka ta yi aka shiga wahalar mai, mota takan kwana uku a layi. Kowane uzuri gaskiya ne, kuma kowanne na rubuta shi a fayil da kyakkyawan rubutu. Bulus yakan ce in da ruwan nan ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya kafin mu je.

Ana cikin haka idon Baba ya fara ja baya. Ba mu gane da wuri ba, don karatunsa a ka yake, yana buɗe littafi ya riƙe yana biyawa, ko shafin daidai ne ko ba daidai ba, babu mai sani. Sai ranar da ya yi wa rigata sallama, tana rataye a ƙofar zaure, har ya tsaya yana jiran amsa. Na kai shi asibitin ido a Kano. Likitan ya ja ni gefe ya ce wannan ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa a hankali, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuwa kamar mai leƙe ta kafar ƙofa ne. Na tambaye shi ko sauran ganin zai kai wata daminar, ya ce shi dai ba zai yi mini alkawari ba. A mota muna dawowa Baba ya ce likitocin nan akwai su da zuzuta abu, shi yana gani sarai, hasken rana ne kawai yake damunsa. Daga ranar fayil ɗin nan ya daina ba ni dariya.

Sai kuma zamani ya juya. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, labarai marasa daɗi na rikici suna ta zuwa daga kudancinmu, ta wajen su Bulus, kowane ɓangare yana jin abin da aka yi wa nasa. A Dutse ba a taɓa kowa a unguwarmu ba, amma tsoro ba ya jiran a taɓa mutum. Baƙi da yawa suka kwashe iyalansu, Bulus ma ya mai da matarsa da 'ya'yansa gida, ya zauna shi kaɗai a Takur. A masallaci dattawa suka tare ni, suka ce sun ji wai za mu ɗauki Malam da rawaninsa da gemunsa mu kai shi can, ko hankalina ɗaya? Ni ma tsoron nake ji, ba zan ɓoye ba. Na je ofis da niyyar in ce a bari ƙura ta lafa. Ban buɗe baki ba Bulus ya jawo fayil ɗin daga gabana ya jefa a aljihun tebur ya kulle, ya ajiye mini takarda. Ya ce, "Na rubuta mana hutun kwana ɗaya, ni da kai. Alhamis mai zuwa. Damina ya ƙare yanzu, ruwan ya cika. Sa hannu." Na ce mutane fa suna magana. Ya ce, "Idon Baba yana jiran mutane?"

Da yamma na kai wa Baba maganar dattawa, ina fatan shi ya ce a fasa, in huta. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Mutumin da ya shekara tara yana cin tuwon gidan nan, in bai iya kai ni garinsu ya dawo da ni ba, ai ni ne ban iya riƙon baƙo ba. Ka ce masa Alhamis ta yi." Ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban mutum biyu a rana ɗaya kamar ranar ba.

Muna sallame asuba muka shiga tsohuwar motar Bulus. Inna ta cika mana kwano da dambun nama da dabino, ta ba da turmin atamfa a kai wa tsohuwa, ta kuma tabbatar jarkar ruwan nan ta shiga. Baba yana gaba da farin rawaninsa, hannunsa a kan gwiwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka bi ta Kwanar Huguma, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka, ƙasa tana canja launi, itatuwa suna ƙara tsayi da duhu. Bulus yana tuƙi yana faɗin sunan kowane gari da abin da ake nomawa a cikinsa, a lokacin na ɗauka surutunsa ne kawai na kullum. A wani shingen hanya wasu samari suka leƙo, suka ga rawani, fuskarsu ta canja. Bulus ya yi musu magana da yarensu, na ji dai ya ce "babana" da Hausa a tsakiya, suka ɗaga itacen da suka tare hanya da shi suka ce Allah ya kiyaye hanya.

Mun isa rana ta take tsaka. Ni na matsu a wuce wurin ruwa, amma Baba ya ce abin da ya kawo mu shi za a fara, a je a gaida tsohuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ita tana yarenta shi yana Hausa, Bulus yana tsakiya yana juyawa, suka yi ta sa wa juna albarka kusan awa guda ni ina kallon inuwa tana tafiya. Matar Bulus ta kawo sabuwar buta, ta nuna mana gabas ba tare da an tambaye ta ba. Sai da muka yi azahar da la'asar a haɗe irin ta matafiya, sannan Baba ya miƙe ya ce, "To, in da sauran lokaci."

Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin sa. Ƙara ce irin ta mamako a kan rufin kwano, sai dai ita ba ta sassautawa, kuma kana jin ta a ƙirjinka. Muka ajiye mota muka gangara ta wata 'yar hanya mai santsi, Baba ya dafa kafaɗata, wai gwiwarsa ce take ciwo. Iska mai sanyi ta fara dukanmu, da feshi kamar yayyafi alhali sama tas take. Da muka zagayo wani dutse sai ga shi a hannun damanmu. Wallahi Bulus bai yi ƙarya ba, ragewa ma ya yi. Kogi ne sukutum yake faɗowa daga sama, fari, yana tafasa a ƙasa, hayaƙinsa yana tashi, ga bakan gizo a tsaye a cikin hayaƙin. Na manta da kaina, na manta da tsoron da na taho da shi, na tsaya baki buɗe kamar baƙauye ya shigo birni.

Baba ya saki kafaɗata ya yi taku biyu shi kaɗai. Wurin kwari ne, ƙarar ruwan tana dukan bangon dutsen da ke hagu ta dawo, har ta fi ƙarfi ta can. Sai na ga Baba ya juya hagu. Ya fuskanci baƙin dutse busasshe, wanda babu komai a jikinsa sai 'yan ciyayi, ruwan yana bayan kafaɗarsa ta dama. Ya ɗaga hannu biyu, ya ɗaga murya yadda za mu ji, ya ce, "Tubarkalla, masha Allah! Kai, ku dubi farinsa!"

A nan na san kafar ƙofar nan ta rufe, ban san tun yaushe ba, wataƙila tun kafin mu bar Dutse, wataƙila tun ina jera uzurori a fayil. Ya sani, ya kuma shigo mota ya yi tafiyar rabin yini don kada wahalarmu ta tashi a banza. Na buɗe baki zan yi magana, kuka ne ma yake neman fitowa. Bulus ya riƙe hannuna ya matse, ya girgiza mini kai. Ya taka a hankali ya je ya dafa kafaɗun Baba biyu, ya sa baki kusa da kunnensa ya ce, "Baba, nan wurin baƙi ne. Zo in kai ka inda mu 'yan gari muke tsayawa, ya fi fitowa daga can." Ya juya shi sannu sannu, kamar suna neman wurin taka ƙafa, ya matsar da shi 'yan taku har feshin ya fara sauka sosai a fuskarsa, ruwan yana gabansa daidai. Sannan ya tsaya a gefensa yana nuni da hannu yana cewa, "Ka ga can sama inda ya rabu? Ka ga bakan gizo a ƙasa, ja a sama, kore a tsakiya?" Yana faɗa ɗaya bayan ɗaya, bai bar komai ba.

Baba ya daɗe a tsaye, rawaninsa ya jiƙe, ruwa yana bin gemunsa, leɓɓansa suna motsi. Can ya laluba ya kama hannun Bulus ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, "Lallai daga nan ya fi fitowa, Malam Bulus. Allah ya yi maka albarka."

Mun dawo Dutse lafiya, ya ja asubarsa. Dattawan da suka hana mu tafiya suka cika zaure suna tambaya, ya ba su labari tiryan-tiryan, inda ruwan ya rabu, da launin bakan gizo, ja a sama kore a tsakiya, ina zaune a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Ya ƙara shekara uku a duniya. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ce mana bai gani ba, mu ma daga ni har Bulus babu wanda ya taɓa nuna masa mun sani.